Gashin karen maigida yana zubewa, an ce in shafa masa baƙin mai

Maigadin Lekki: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema. Gidan da nake gadi akwai kare irin manyan nan da ake kira Bowabol, watansa bakwai. Gashinsa ya fara zubewa a gefen ido da baki, yanzu abin ya sauko ƙafafun gaba, fatar ta yi ja, ga wani irin wari da yake yi. Oga ya yi tafiya, madam kuma ta ce ni ne ba na yi masa wanka yadda ya kamata. Abokin aikina na gidan da ke kallonmu ya ce in samo baƙin mai wurin bakanike in shafe shi da shi. Wanda ya san abin don Allah ya taimaka, don in karen nan ya mutu ban san da me zan biya ba.

Alhajin Alaba Rago: Wa alaikumus salam. Ƙazwa ce, ba wani abu ba, ita ce dai mai kama awaki da raƙuma. Ka sami baƙin man, ka daka farar wuta ka kwaɓa, ka riƙa shafawa safe da yamma. In kana so abin ya yi sauri ka aiko nan kasuwa a sayo maka allurar Ivomec, a zuƙi kaɗan a tsira masa a wuya. Tun muna yara a Illela haka muka ga manya na yi wa dabba.

Ɗan Agege: Ikon Allah. Yanzu zauren da aka buɗe don zumunci shi ne ya koma asibitin karnuka? Musulmi ya shafa wa kare mai da hannunsa, sannan ya tashi ya yi alwala ya tayar da salla?

Malamin Obalende: Ɗan Agege, a yi a hankali. A mazhabarmu ta Malikiyya duk abu mai rai mai tsarki ne, har kare da yawunsa, kuma wanke ƙwarya sau bakwai in ya yi lallagi a ciki ibada ce aka ɗora mana, ba don najasa ba. Shafi'awa ne suka tafi a kan najasarsa. Hadisi ya yi rangwame a kan karen farauta da na kiwo da na gona, malamai da yawa kuma suka haɗa da na tsaron gida. Ana ba da labarin mai Risala, Ibn Abi Zaid Alƙairawani, cewa katangar gidansa ta faɗi ya ajiye kare, da aka ce masa ai Imam Malik ya karhanta, sai ya ce da Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. Bawan Allah nan neman halalinsa yake yi, an ba shi amanar dabba. A bar masu sani su ba shi amsa.

Dakta: Salamu alaikum. Malam Maigadi, kafin a kai ga magani bari in yi tambaya. Yana susa sosai, irin wadda ke hana shi barci, ko jifa-jifa ne? Ka duba bakin kunnuwansa da gwiwoyinsa, akwai ɓawo? Akwai wani kare a gidan, shi ma ya kamu? Kai kanka fa, ka ga ƙuraje masu ƙaiƙayi a hannunka ko a cikinka? Baƙin man nan kuwa don Allah a dakata da shi tukuna.

Maigadin Lekki: Ba ya susa sosai Dakta, sai dai yawan lasar ƙafa. Kunnen lafiya lau. Akwai wata tsohuwar Alsheshan, ɗaki ɗaya suke kwana, ita ko gashi ɗaya bai zube mata ba. Ni ma ban ga komai a jikina ba.

Dakta: To, amsar nan ta rage mana hanya. Ƙazwar kare iri biyu ce, kuma mutane na haɗa su wuri ɗaya su yi ta ɓarnar magani.

Ta farko wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne da ido ba ya gani, sunansa Sarkoftis, ɗan'uwan wanda ke jawo ƙazwar mutane. Rami yake haƙawa a cikin fata ya yi ƙwai. Kare mai ita ba ya zama, susa yake har jini. Tana farawa a bakin kunne da gwiwa da ƙirji, tana bin duk karen da ke gidan, kuma mai kula da shi kan ga ƙuraje a hannu da ciki. A jikin mutum ba ta iya daɗewa, da an yi wa karen magani take bajewa.

Ta biyun sunan ƙwaronta Demodes. Shi wannan kusan kowane kare na da shi kaɗan a ramin gashinsa, daga uwarsa yake samu a kwanakin farko na shan nono. Ba ya damun kowa sai garkuwar jiki ta yi rauni, shi ya sa aka fi ganin ta ga ƙwiƙwiyon da bai kai shekara ɗaya da rabi ba, musamman irin karnukan nan na saye masu gajeren gashi. Tana farawa a fuska da ƙafafun gaba, babu ƙaiƙayi sosai, ba ta bin wani kare, ba ta kama mutum. Warin da kake ji alama ce ƙwayoyin cuta sun samu ƙofa sun shiga fatar. Abin da ka bayyana ya fi kama da wannan, amma ba a yanke hukunci ta waya. Kankare fatar ake yi da reza har ta ɗan tsatsafo da jini, a duba a madubin likita, aikin minti kaɗan ne. Ka faɗa wa madam cewa rashin wanka ba ya kawo ta.

Abu ɗaya da zan ja kunne a kai: kada wani ya ba ku deksa ko firedinisolon wai don jan fatar ya kwanta. Zai kwanta na 'yan kwanaki, amma garkuwar jikin yake ƙara dannewa, ƙwaron ya mamaye jikin gaba ɗaya.

Alhajin Alaba Rago: Dakta, ban ƙi taki ba, karatu kika yi. Amma ni da idona na ga akuyar da ƙazwa ta cinye aka shafa mata baƙin mai ta tashi. Ko shi ma ƙarya idona ya yi?

Dakta: Alhaji, idonku bai yi ƙarya ba. Farar wutar da kuke haɗawa ita ce ke aikin, har yau muna amfani da ruwan wanka da aka haɗa da ita. Man kuwa toshe wa ƙwaron numfashi yake ɗan yi, amma da tsadar gaske. Man da ya fito daga inji cike yake da gubar ƙarfe da ƙonannen fetur. Kare kuma duk inda ka shafa sai ya lashe. Abin ya sauka hanta da ƙoda, in ya yi amai ya shaƙe shi ya shiga huhu, ga fatar da ta riga ta buɗe tana ƙonewa. Wanda ya tashi ana ganinsa a yi ta ba da labari, wanda ya mutu sai a ce cutar ce ta yi ƙarfi.

Allurar da kuka ambata kuwa magani ce ta gaskiya. Ibamektin ke ciki, wanda ake rabawa mutane don makantar rafi, har waɗanda suka gano shi aka ba su kyautar Nobel a 2015. Matsalar awo ce. Ta shanu an haɗa ta ne a kan sisi 1 na ma'aunin sirinji ga kilo 50 na nauyin dabba. Ƙwiƙwiyo mai kilo 5 in aka zuƙa masa sisi guda, an ba shi ninki goma ke nan. Sai ka ga yana tangaɗi, yana dalalar da yawu, idon ya buɗe ba ya gani, wani ya suma daga nan bai farka ba. Akwai ma jinsin karnukan kiwo na Turai, irin su Koli, da ɗan kaɗan ke taɓa musu ƙwaƙwalwa. Sannan ƙazwar Demodes ba ta jin allura ɗaya, wata biyu zuwa huɗu ake yi ana bin ta. Shi ya sa yanzu muka fi ba da ƙwayoyin taunawa irin su NexGard, sau ɗaya a wata, ko Bravecto mai kai mako 12. Suna kashe ƙazwar iri biyun, su haɗa da kaska da ƙuma.

Alhajin Alaba Rago: Su waɗannan ƙwayoyin nawa ake sayar da su? Mu faɗa wa juna gaskiya. Mai Bowabol a Lekki zai saya. Mai karen gida a Alaba Rago ko Ijora da ke tsare masa shago, wanda ko shi kansa in ya yi zazzaɓi kemis yake zuwa, shi za a ce ya sayi ƙwayar dala? Ku likitoci kullum ku ce a kawo asibiti, ba ku san kuɗin motar kai kare asibiti a Legas kaɗai ya isa mutum ya haƙura ba. Wane direban danfo ne zai ɗauki kare mai wari?

Dakta: Wannan gaskiya ce, Alhaji, ba zan musa ba. Abin da zan ce, ibamektin ɗin nan mai araha ya isa ya warkar da ƙazwa mai ƙaiƙayi, allura biyu ko uku, mako bibbiyu tsakani. Abin da nake roƙo kawai a auna nauyin karen, kuma wanda ya san awon ya zuƙa. Akwai asibitin dabbobi na gwamnatin jiha a Oko-Oba, kusa da mayanka, na gwamnati kuma ya fi na 'yan kasuwa sauƙi.

Hajiyar Idi-Araba: Tunda an buɗe fagen, ni ma ga tawa. Yarana sun tsinto 'yar kyanwa a bakin kwata, muka riƙe ta don ɓeraye sun dame mu. Yanzu autata da yayanta duk makero ya fito musu, ɗaya a kumatu ɗaya a ka, har gashi ya cire. Kyanwar ma akwai ɗan wurin da gashi ya zube a kunnenta. Maƙwabciyata ta ce ita ta kawo shi. Na sayi man shafawar nan da ake ce wa mai aiki uku, sai ma faɗi abin yake ƙarawa.

Ɗan Agege: Hajiya, sa ta a buhu ki kai ta bola, magana ta ƙare.

Malamin Obalende: Kai dai yau ka tashi da neman magana. Ka manta matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ba?

Dakta: Hajiya, maƙwabciyarki na iya yin gaskiya. Makero dangin funfuna ce, kuma 'yan kyanwa ne manyan masu yawo da ita. Wata ma ba za a ga komai a jikinta ba amma tana ɗauke da ita a gashi. Jefar da kyanwar ba zai warware komai ba, domin irin cutar ya riga ya zube a tabarma da kujeru da zanin gado, kuma yana iya wuce shekara a raye a ɗaki. Man da kike shafawa akwai sinadarin da ke kwantar da ja da ƙaiƙayi, shi ne kuma ke ba makeron damar yaɗuwa, ki daina. Na kumatu man kulotirimazol zalla kan isa. Na ka kuwa shafawa kaɗai ba ta kai wa ga saiwar gashi, sai an haɗa da na sha na makonni, wannan ki kai yaron asibitin mutane. A raba musu mataji da tawul da hula, a gaya wa mai aski. Kyanwar a killace ta a wuri ɗaya mai sauƙin gogewa, a yi mata nata maganin, shi ma makonni yake ɗauka. Kayan kwanciya a wanke, ƙasa a goge da ruwan bilic.

Tunda an zo kan kyanwa, ga abin da nake so kowa ya riƙe. Hantar kyanwa ba ta iya narkar da magunguna da yawa da kare da mutum ke ɗauka. Farasitamol ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Maganin kaska na karnuka ko na shanu mai sinadarin famitirin ko saifamitirin yana sa ta karkarwa da farfaɗiya, ko da ba ita aka shafa wa ba, jikin karen da aka shafa wa kawai ta goga. Amitaraz da ake wanke shanu da shi ma ba nata ba ne. Ruwan wanka irin su Dettol shi ma guba ne gare ta. Fiya-fiya kuwa ba a ma maganarsa, ko kare ko kyanwa.

Ɗan Mile 12: Kai, Allah ya saka da alheri da wannan. Mu nan kasuwa kusan kowane sito da kyanwarsa saboda ɓera, kuma in aka ga tana susa abin da ke kusa ake watsa mata. Dakta, tawa tana yawan susar gindin wutsiya, gashin wurin ya ƙare, kuma ina ganin wasu 'yan fararen abubuwa masu motsi a inda take kwana.

Dakta: Ƙuma ce, da tsutsar cikin da ƙuma ke kawowa. Ka taje bayanta a kan farin ƙyalle mai danshi, baƙin garin da zai zubo in ya narke ya yi ja, kashin ƙuma ne, jini ne ta sha. Kyanwa na haɗiye ƙumar wajen lasar jiki, tsutsar ta girma a hanji, gaɓoɓinta ne kake gani suna fita. In ka ba da maganin tsutsa ba ka kashe ƙumar ba, za ta dawo. Kuma ƙumar da ke jikin dabba 'yar kaɗan ce, mafi yawa ƙwai ne da 'ya'ya a cikin buhuna da tsagar daɓe, mace ɗaya na iya zuba ƙwai har 50 a rana. Sai an haɗa da shara da shanya shimfiɗarta a rana. A sayi maganin ɗigawa a ƙeya wanda aka rubuta na kyanwa ne.

Maman 'Yan Biyu: Dakta sannu da ƙoƙari. Mu a Ajah abin da ke damunmu da damina daban ne. Karyar maigidan da muke haya ta haihu a Yuni, sai ga 'ya'yan duk maruru a ciki da ƙafa, kowane da ɗan rami a tsakiya. Aka matse ɗaya sai ga tsutsa fara ƙatuwa. Abin da ya tayar min da hankali, jaririn wata a gidan ma an cire masa irin ta a baya. Daga karnukan ta tsallaka masa?

Baban Zango: Wannan mun san ta tun zuwanmu Kurmi. A Arewa ba a cika ganinta kamar nan ba. Tsutsar ƙudan tumbu ce.

Dakta: Baba ya faɗa daidai. Ba daga kare take tsallakawa ba, ƙuda ɗaya ne ya yi musu aikin su duka. Macen na zuba ƙwai, ɗari zuwa ɗari uku, a kan yashi mai inuwa inda aka yi fitsari ko kashi, ko a kan tufafin da aka shanya a inuwa ko a ƙasa, musamman kayan jarirai. Cikin kwana biyu zuwa uku su ƙyanƙyashe, su jira jiki mai ɗumi. Da ƙwiƙwiyo ya kwanta a wurin, ko aka sa wa yaro rigar, sai tsutsar ta huda fata ta shige, ta yi kwana 8 zuwa 12 tana girma, sannan ta faɗo ƙasa ta zama ƙuda. Ramin nan ta nan take numfashi. A toshe shi da basilin, ta matso waje neman iska, a matsa daga gefe biyu ta fito ɗungurungum. Kada a yanka, kada a fasa ta a ciki, shi ke kawo ruɓa. A wanke ramin. Rigakafin kuwa guga: kayan yara duka a goge su ciki da waje, har na ciki da zanin goyo, kuma a shanya a igiya cikin rana. 'Yan kwikwiyon a ɗauke su daga yashi a mayar kan siminti ko katako.

Maigadin Lekki: Jama'a na gode. Madam ta ga saƙon Dakta ta kira likita ya zo gida, ya kankare fatar, ya ce Demodes ɗin ce. An ba shi ƙwaya da sabulun wanka. Amma ku ji, yanzu an ƙara min aikin wanka sau biyu a mako, albashi kuwa yana nan inda yake.

Ɗan Mile 12: Ai haka abin yake. A sayo kare na maƙudan kuɗi don a nuna wa abokai, a jefa wa ɗan Arewa a bakin ƙofa. Ka ga wanda ya sayo Kokeshan, karen da aka halitta don ƙanƙarar duwatsun Rasha, ya ɗaure shi a zafin Legas da gumin nan, gashin ya jiƙe bai bushe ba, fatar ta yi ta ruɓewa a ƙarƙashi, sannan a ce maigadi ne bai iya ba.

Baban Zango: Ku bar wannan. Ni abin da ya fi ba ni haushi kaska. Shanu muka sani, kaskarsu a daji take, ka wanke dabba ka canza makiyaya. Amma ta kare sai ka wanke shi tas yau, jibi ka ga ta dawo tsakanin yatsu da cikin kunne. Daga ina take fitowa a gidan da ko ciyawa babu?

Dakta: Daga bango, Baba. Jar kaskar kare ta bambanta da ta shanu a nan: tana iya yin rayuwarta kaf a cikin gini. Macen in ta ƙoshi da jini sai ta saki karen, ta hau bango ta shige tsaga ko ƙarƙashin rufin ɗakinsa, ta zuba ƙwai dubbai. 'Ya'yan na iya zama watanni ba su ci komai ba suna jira. Saboda haka wanda ya wanke kare ya bar ɗakin, aikin banza ya yi. A fitar da karen, a yi feshi a bango har sama, a cike tsagogi da siminti, a maimaita bayan mako biyu. Wajen cirewa a kama ta daf da fata a ja a miƙe, ba a ƙona ta da ashana, ba a zuba kananzir.

Kuma ba jinin da take sha ne babbar illar ba, zazzaɓin da take sakawa ne. Kare ya ƙi abinci, dasashi ya yi fari, fitsari ya yi duhu, wani ya yi haɓo. Iri biyu muka fi gani. Ɗaya dokisaikilin ake ba shi har kwana 28, mutane kuma da sun ga ya fara cin abinci sai su tsaya, cutar ta koma ta ɓuya. Ɗayan kuma, sinadarin da ke cikin Berenil na sammoren shanu ake yi masa, amma a jikin kare tsakanin awon da ke warkarwa da wanda ke lalata ƙwaƙwalwa ɗan taƙi ne, kuma ba a maimaita shi kusa-kusa. Alhaji, wannan kam ko kun saba da shi a shanu, a bar wa likita.

Alhajin Alaba Rago: Na ji. Wannan ɗin na bar muku.

Baban Zango: Saura ɗaya. Akwai karen da ke bin mahauta a nan wajenmu, jini na ɗiga daga gabansa, wani jan nama ya tsiro a wurin. Yara na cewa ciwon sanyi ne, wasu na cewa a kashe shi kar ya shafa wa mutane.

Dakta: Ba ya kama mutum ko kaɗan. Wannan ƙari ne da ke yaɗuwa tsakanin karnuka ta barbara, wani lokaci ta lasa da sunsuna, shi ya sa akan gan shi a hanci ko baki. Abin mamakinsa, ba ƙwayar cuta ce ke yawo ba, naman ƙarin ne da kansa ke ɓallewa daga wannan ya manne a wancan. Da aka bincika sai aka tarar ƙwayoyin halittarsa ba na karen da ke ɗauke da shi ba ne, na wani kare ne guda da ya rayu shekaru dubbai da suka wuce, jikinsa ne ke ta yawo a duniya har yau. Tun 1876 wani likitan dabbobi ɗan Rasha, Novinsky, ya nuna ana iya dasa shi daga kare zuwa kare. Duk inda karnuka ke yawo sakaka akwai shi. Kuma cikin duk cututtukan daji, yana cikin masu jin magani. Allurar binkiristin ake yi a jijiya sau ɗaya a mako, yawanci huɗu zuwa shida, ya narke ƙurmus. Sai dai in ta zube a wajen jijiya tana cinye nama, don haka ba ta ɗan koyo ba ce. Masu karnukan tsada da ke biyan kuɗi a kai musu barbara ma su riƙa dubawa kafin a haɗa.

Hajiyar Idi-Araba: Dakta kin tuna min. Tsohuwar kyanwar mahaifiyata, ta kusa shekara goma, akwai wani ƙullutu a nononta na baya, ya kai ƙwallon dabino, da tauri. Ba ya mata ciwo, tana cin abincinta. An sha yi mata allurar hana haihuwa don ta dame mu da 'ya'ya.

Dakta: Hajiya, wannan ya fi makeron gaggawa. Ba kowane ƙullutu ne daji ba. A tsofaffin karnuka da yawa kitse ne kawai, mai laushi mai motsi a ƙarƙashin fata, 'yan kwikwiyo kuma kan yi tsiro a baki ya bushe da kansa. Amma na nono daban ne. A karya kusan rabi ne ke zama daji, a kyanwa kuwa 80 zuwa 90 cikin 100, kuma yana saurin tafiya huhu. Rashin ciwo ba alamar lafiya ba ce. Girmansa lokacin da aka cire shi ne ke faɗin sauran kwananta: wanda bai kai santimita 2 ba ana samun shekaru, wanda ya wuce 3 kuwa sau da yawa watanni ne. Allurar hana haihuwar nan tana cikin abubuwan da ke jawo shi, tana kuma sa mahaifa ta cika da mugunya. Abin da ke karewa shi ne cire mahaifa da ƙwan haihuwa tun dabba na ƙarama. Binciken da aka yi a Amurka a 1969 ya nuna karyar da aka yi wa aikin kafin jininta na farko haɗarinta bai kai kashi 1 cikin 100 na wadda ba a yi wa ba, bayan na farko ya koma 8, bayan na biyu 26. Masu farar kyanwa kuma su lura da gyambon bakin kunne ko hanci da ya ƙi warkewa, rana ce ke jawo shi, shi ma daji ne.

Ɗan Agege: To Malam, yanzu kuma cire wa dabba mahaifa fa? Ba canza halittar Allah ba ne?

Malamin Obalende: Wannan tambaya ce mai kyau. Malamai sun yi saɓani. Fiɗiyar rago da sa don nama sananniya ce, an halatta ta. A kan kyanwa da kare akwai waɗanda suka hana, akwai waɗanda suka halatta in akwai maslaha ko kawar da cuta, da sharaɗin kada a azabtar da dabbar. Mai yin aiki da allurar barci don ya tsare ta daga ciwo, ko don kada a riƙa zubar da 'ya'yanta a kwata, yana da malaman da zai jingina da su. Ta mahaifiyar Hajiya kuwa ma magani ne, ba a saɓa a kansa ba.

Hajiyar Idi-Araba: To zan kai ta cikin makon nan in sha Allahu. Amma yaya zan ɗauke ta? Ba ta taɓa fita unguwa ba, in ta ji ƙarar keke za ta yage ni ta gudu.

Dakta: Kada a sa ta a buhu, zafi da rashin iska na iya kashe ta kafin a isa. Kwando mai murfi, a shimfiɗa tsohon zanin da ta saba kwana a kai, a lulluɓe saman da ƙyalle mara nauyi. A fita da sassafe kafin cunkoso da rana. Kada a ba ta abinci da safen, ko za a buƙaci allurar barci don hoton ƙirji, ruwa dai a bar mata. Ki ce su shafa nonuwan duka takwas da hammatarta, don sau da yawa ba ɗaya ba ne.

Ɗan Mile 12: Hajiya, in kwando ne kada ki saya. Ki turo yaro gobe bayan azahar layin 'yan tumatir, in ba shi guda biyu, a kife ɗaya a kan ɗaya a ɗaure da igiya ta gefe huɗu. Ya zo da kuɗin motarsa kawai.